Tambayar Da Na Ƙi Cirewa

Ku samarin da ke zama a bencin ƙofar shagona kuna cajin waya, na ji abin da ɗayanku ya ce shekaranjiya. Ya ce aikin Lawal mai kwamfuta ya ƙare, tunda yanzu mutum na iya gaya wa wayarsa ta rubuta mashi manhaja kafin shayinsa ya huce. Ban tanka ba a lokacin don ina da baƙo. Yau ba ni da kowa, kuma an ɗauke wuta, saboda haka ku gyara zama. Wanda ya gaji yana iya tashi, ba zan rage maganar saboda shi ba.

Aikin da nake yi bai da wuyar faɗa. Akwai rumbun bayanai, inda ake zuba sunayen mutane da duk abin da ya shafe su, layi-layi. Akwai fom, wato fuskar da ma'aikaci ke gani a allon kwamfuta, mai gurabe da yake cikewa da maɓallan da yake latsawa. Sai kuma kweri. A ofis in aka ce an ba ka kweri, ranar ba ka cin abinci da daɗi. A wurinmu kuwa kweri tambaya ce da fom ke aika wa rumbu: kawo mani duk manoman Yashe, nemo mani wance ɗiyar wane. Rumbu ya amsa, ya rage naka ka san yadda za ka yi da amsar. A nan sana'ar take, kuma a nan ne ku kuke raina ta.

Da tafireta na fara, a gindin wata bedi kusa da sakatariya nan Kankiya. Ina buga wa mutane takardar neman aiki da ta koke da ta shaidar haihuwa. A nan ne Malam Rabi'u ya same ni. Shi ɗan garin nan ne da ya daɗe a Kaduna yana aikin kwamfuta a ofishin wata masaƙa, da masaƙar ta rufe ya dawo gida da iyalinsa da kwamfuta guda, irin mai ƙatuwar ƙeya, wadda yake lulluɓewa da zane kamar jaririya. Ya tsaya a kaina yana kallon yadda nake bugu ba tare da na dubi yatsuna ba. Da na gama ya ce, "Hannunka ya iya. Saura mu gani ko kanka zai iya." Washegari na je shagonsa, ban koma gindin bedi ba.

Kun ɗauka ya zaunar da ni ya fara koya mani rubuta manhaja? Damina guda ta shiga ta fita ban rubuta ko layi ɗaya ba. Abin da nake yi kawai shi ne shigar da bayanan mutane cikin fom ɗin da shi ya gina, daga safe har la'asar, har idona ya riƙa ganin haruffa biyu-biyu. Da na yi ƙorafi sai ya ce mani wanda bai taɓa gajiya a gaban fom ba bai san inda gajiyayyen hannu ke kuskure ba, kuma gajiyayyu zan yi wa aiki har in mutu. Gaskiya ya faɗa. Ban taɓa gina wa mutum mai hutu manhaja ba.

Fom na farko da na gina gurbi biyu gare shi, suna da gari, sai maɓallin ajiya da na nema. Na sa sunana ya shiga. Na sa na mahaifina, na sa na abokaina, duk suka shiga, na neme su suka fito. Na kira Malam ina murmushi. Ya jawo kujera, bai ko taɓa madannai ba, ya ce, "Rubuta sunana."

Na rubuta Rabi'u, na latsa ajiya. Sai wani akwati ya faɗo tsakiyar allo da dogon Turanci, manhajar ta rufe kanta gaba ɗaya.

"Mi ya faru?" in ji shi.

Na ce, "Malam, ɗazu tana aiki."

"Ɗazu ba ni ka rubuta ba. Dubi sunan da kyau."

'Yar alamar waƙafin nan ta sama da ke tsakanin i da u ita ce ta kashe mani aiki. A harshen da ake yi wa rumbu magana, wannan alama tana nufin an rufe zance. Rumbu ya karanta Rabi, ya ga alamar ya ɗauka na gama, ya tarar da u tana yawo ita kaɗai, ya rikice. Malam ya ce, "Waɗanda suka ƙera wanga abu ba su da Rabi'u a garinsu, ba su da Sa'adatu, ba su da Mu'azu. Kai kana da su a kowane gida. Ka nemo masu hanya." Bai gaya mani hanyar ba. Ya miƙo mani wani ƙaton littafi da bangonsa ya cire, ya tafi masallaci. Na daɗe ina fama kafin in gane cewa ba a manna abin da mutum ya rubuta kai tsaye a jikin kweri. Ana aika tambayar daban, a aika sunan daban a matsayin saƙo, yadda ko wace alama ce a cikinsa rumbu zai karɓe ta a matsayin suna. Har gobe in matashi ya kawo mani aikinsa, nan nake fara dubawa, kuma nan yawancinku kuke faɗuwa.

Darasi na biyu ya fi wannan nauyi. Bayan na gyara, Malam ya sa na nemo wata Sa'adatu da muka shigar. Sunanta da garinsu suka cika gurabe. Sai ya ce in nemo wani suna da ya ƙirƙira, wanda babu shi a rumbu. Na latsa nema. Ba abin da ya motsa.

Ya ce, "Wa ke bisa allo?"

"Sa'adatu."

"Wa na ce ka nemo?"

"Wanda babu shi."

"To ma'aikacin da ke sauri, mutane na tsaye a kansa, wa zai ɗauka ya samu?"

Nan na gane. Rumbu ya amsa cewa babu, amma fom ɗina bai goge bayanan mutumin baya ba, ya bar su zaune kamar su ne amsa. Malam ya ce duk lokacin da na aika kweri in tambayi kaina: in ba a samu kowa ba fa, in an samu mutum ɗaya fa, in an samu da yawa fa? Mai koyo na tsakiyar kaɗai yake shiryawa, don shi yake fata. Sauran biyun su ke cin mutane.

Aikin farko da Malam ya sake mani ni kaɗai na wata ƙungiyar manoma ce a Kusada, masu karɓo taki da iri su raba wa 'yan ƙungiya. A babur na kai kwamfutar, na naɗe allon da bargo na rungume shi a cinya, mai babur na ta faɗa wai na hana shi karkata. Sakataren ƙungiyar, Malam Haruna, dattijo ne tsohon malamin firamare. Kafin zuwana sun sa mutane daban-daban sun buga masu sunayen a wani shago, ni zan kwaso in zuba a rumbu in gina masu fom. Da na gama na ce bari in gwada. Na tambayi rumbu manoman garin Ƙofa. Ya kawo 'yan kaɗan.

Malam Haruna ya leƙo ya ce, "A'a. Mutanen Ƙofa sun fi haka nesa ba kusa ba. Ni na rubuta su da hannuna."

Na buɗe rumbun na bi layi-layi. Wani ya buga Kofa, wani K'ofa, wani ya sa Q a farko, wani kuma ya yi ƙoƙari ya sa harafin mai ƙugiya amma kwamfutar ta mayar da shi alamar tambaya. Gari ɗaya, rumbu na ganin garuruwa huɗu. Da an raba taki da wannan amsa, da rabin Ƙofa sun dawo gida da buhu wayam, kuma damina ba ta jiran a gyara kwamfuta. Na daidaita su duka, sa'an nan na hana a sake buga sunan gari da hannu. Na sa jerin garuruwan a fom, ma'aikaci ya zaɓa kawai.

Sai matsalar Musa Ibrahim. A Kaikai kaɗai akwai su uku, kuma duka 'yan ƙungiya ne. Malam Haruna ya ce shi in ya gan su ya san su, amma a takarda ba ya iya rabewa. Na hau babur na tafi Kaikai. Na samu dattawa a inuwa ana gyaran igiyar shanu, na gaishe su na faɗi abin da ya kawo ni. Wani tsoho ya yi dariya har da tari.

Ya ce, "Yaro, nan garin ba mu da Musa Ibrahim ko ɗaya. Muna da Musa Dogo, muna da Musa Maƙeri, muna da Musa na Bakin Rijiya. Halan injin naka bai san laƙabi ba?"

Na ce, "Bai sani ba, Baba, amma zan koya mashi."

Na dawo na ƙara gurbin laƙabi, na kuma sa in an nemi suna aka samu fiye da mutum ɗaya, fom ya jero su duka da garinsu da laƙabinsu, ma'aikaci ya zaɓa. Wayarku ta iya rubuta kweri, na gwada ta, ban musa ba, wani lokaci ma ta fi ni tsabtar rubutu. Amma ba ta taɓa zuwa Kaikai ba, kuma ba za ta ce maka ka je ba.

Kayan aikinmu a lokacin ba abin nunawa ba ne. Faifan kwamfuta nake ajiye aiki a kai, in yi kwafi biyu, ɗaya a shago ɗaya a gida cikin gwangwanin madara saboda tururuwa da laima. Janareta ƙarama, mai hayaƙi, wadda sai an lallaɓa ta. Burushin fenti na share cikin kwamfuta. Intanet kuwa sai ka shiga mota ka tafi Katsina ko Kano, ka zauna a shago ana lissafa maka lokaci, ka rubuta tambayarka a dandalin masu sana'a da Turancinka mai ɗingishi, ka dawo gida, ka sake komawa wani satin ka ga ko wani ya tausaya maka. Wani ya amsa, wani ya yi maka ba'a. Shi ya sa nake gaya maku kafin ku yi tambaya ku san mi kuka rubuta, mi kuka yi tsammani, mi ya fito. Wanda ya zo mani da "ba ya aiki" kawai, nakan ce mashi ni ma ba na aiki.

Yanzu bari in zo ga aikin da ya kusa fitar da ni daga sana'ar.

Alhaji Garba ɗan kasuwa ne, hatsi da siminti yake sayarwa. Ya gina wani ƙaramin asibitin kuɗi a bakin gari, ya ɗauko ma'aikata, likita na zuwa daga Katsina wasu ranaku. Shi ba ma'aikacin lafiya ba ne, kuma ba mugun mutum ba ne, kada ku ɗauka haka. Mutum ne da ya saba in ya ce a ɗora buhu a ɗora. Ya kira ni in gina masu manhajar katin marasa lafiya. Wadda ta zauna da ni ta gaya mani abin da ake buƙata ita ce babbar nas ɗinsu, Sista Hauwa. Ta ce bayan suna da gari da shekaru, abu biyu take so su fito da jan rubutu duk lokacin da aka buɗe katin mutum: rukunin jininsa, da maganin da jikinsa ba ya ɗauka. Ta ce akwai allurar da in aka yi wa wanda jininsa bai yarda da ita ba, kafin a kai shi Katsina an gama.

Na gina shi yadda aka koya mani. Mutanenmu ba sa riƙe kati, yau an ba su gobe ya shiga wanki, saboda haka da suna ake nemansu. In mai ba da kati ya buga suna, fom zai fara goge duk abin da ke kan allo. In ba a samu kowa ba, ya faɗa ƙarara. In an samu, ya jero su da gari da laƙabi da sunan miji ko uba. Bayan an zaɓa sai wata tambaya ta fito: ka tabbata wannan ne? A ƙarƙashinta garin mutumin da shekarunsa da manyan haruffa, don mai kati ya ɗaga kai ya tambayi wanda ke gabansa kafin ya buɗe. A cikin rumbun asibitin nan, Hadiza Musa kaɗai sun isa su cika mota.

Aiki ya tafi lafiya har aka fara samun jama'a. Ranar kasuwa mutanen ƙauyuka kan haɗa cefane da ganin likita, layi ya kai har waje. Mai ba da katin, Malam Sani, mutum ne mai sanyin hannu, kuma tambayar nan tana ƙara mashi jinkiri. Wata ranar kasuwa Alhaji Garba ya shigo ya tarar da mutane na faɗa a layi, wasu sun juya sun tafi wani wuri. Da yamma ya aiko a kira ni.

Na same shi a ofis, Sista Hauwa na tsaye a gefe, Malam Sani na bakin ƙofa.

Ya ce, "Lawal, injin nan naka surutu gare shi. An buga suna, ya kawo jeri, an zaɓa, ya sake tambaya. Ni so nake a buga suna kati ya buɗe. Ka cire jerin, ka cire tambayar."

Na ce, "Alhaji, in Hadiza Musa sun yi yawa, wacce zai buɗe?"

"Ta farko. In ba ita ba ce Sani zai gani."

"Ranar kasuwa ba zai gani ba, Alhaji. Ba don sakaci ba. Na yi aikin da yake yi, na san yadda ido ke zama bayan azahar."

Na kawo mashi mafita. Na ce a ƙara kwamfuta ta biyu ranar kasuwa in haɗa su. Ya ce ba zai sayi wata ba. Na ce a ɗauki mutum ya riƙa bin layi yana rubuta suna da gari a 'yar takarda kafin su iso tebur. Ya ce ba zai ƙara ma'aikaci ba. Na ce zan rage wasu gurabe da ba dole ba ne, zan sa komai ya yiwu da madannai ba sai an kama linzamin kwamfuta ba, aikin zai yi sauri. Ya ce duk wannan zagaye ne.

Sista Hauwa ta ce, "Alhaji, maganar jini ce fa."

Ya ce, "Sista, ku ne masu duba jini, ba inji ba. Kafin a kawo kwamfuta ba ku aiki?" Ya juyo gare ni. "Asibitina ne ko naka?"

"Naka ne, Alhaji."

"To ka cire."

Na ce, "Asibiti naka ne, kwamfuta taka ce, bayanan da ke ciki ma naka ne, zan fitar maka da su tsaf ka ba duk wanda kake so. Amma hannuna ba zai rubuta manhajar da za ta buɗe katin wata a kan sunan wata ba."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce in fitar mashi da bayanan gobe. Na fitar, na bi su na tabbatar ba layin da ya ɓace, na rubuta wa wanda zai gaje ni bayanin yadda rumbun yake, na miƙa wa Malam Sani. Suka ɗauko wani daga Kano ya gina masu abin da Alhaji ke so.

Alhaji Garba bai yi mani ƙarya a gari ba. Abin da ya ce kawai shi ne Lawal ba ya jin magana, ka ɗauke shi aiki ya zama shi ne maigida. A garin da kowa ya san kowa, wannan ya isa. Wani mai kemis da muka gama magana ya ce in dakata tukuna. Wata makaranta ta ce sun canza shawara. Masu gaishe ni suna nan suna gaishe ni, aiki ne dai ya daina zuwa.

Shekarar ba ta tsaya nan ba. Taransifomar unguwarmu ta ƙone, aka yi watanni ana cewa gobe. Mai ya yi wuya, janareta ta koma abin kallo. Da aka samu wuta ta dawo, farkon damina aka yi wata tsawa ta biyo waya ta ƙone mani babbar kwamfutar, har na ji ƙaurinta daga waje. Ƙaramar da nake da ita kuwa na riga na sayar. A cikin wannan shekara Malam Rabi'u ya rasu, Allah ya jiƙansa, ba ni da wanda zan je in tambaya. Na jawo tafireta daga ƙarƙashin gado, na sa mata mai, na koma buga takardun koke. A gida miya ta riƙa sirancewa. Kawuna da ke Yashe ya yanka mani gefen gonarsa, na shuka gero da gyaɗa, hannun da ya saba da madannai ya yi kanta.

Ana tsakiyar noma na biyu, wata rana ina dawowa daga Yashe a keke, fartanya ɗaure a baya, sai mota ta tsaya a gabana. Alhaji Garba ne. Ya sauke gilashi ya dube ni daga hula har takalmi.

Ya ce, "Lawal, kai ne haka?"

Na ce, "Ni ne, Alhaji. Barka da yamma."

Ya ce manhajar da aka yi masu tana aiki, ba laifi, sai dai wanda ya gina ta yana nesa, in ta tsaya sai a yi kwanaki ana jiransa. Yana son mutumin gida ya riƙa kula da ita, wata-wata, kuma zai ba ni kwamfuta in riƙe a shagona. Ya ce abin da ya wuce ya wuce.

Na tambaye shi, "In na karɓa, zan mayar da jerin da tambayar?"

"Ka ga irin halin naka ko? Yadda take za ka bar ta. Gyara kawai."

Ina tsaye riƙe da keke, ƙafata duk laka, na san abin da ke gidana da abin da babu. Na ce, "To Alhaji, a bar wa mai ita. Duk manhajar da na sa wa hannu, in aka tambaya za a ce Lawal ne ke kula da ita. Ba zan kula da wannan ba."

Ya ce, "Allah ya kyauta," ya ɗaga gilashi. Na hau kekena.

Ba wani abin mamaki da ya faru bayan nan. Gero ya yi, gyaɗa ba ta yi ba. Bayan kaka wata shugabar Islamiyya, Malama Saude, ta zo tana neman wanda zai yi mata manhajar sakamakon ɗalibai, tana so sunayen yara su fito daidai a takardar shaida, Ɗahiru ya fito Ɗahiru. Ba don ta ji labarin wani kirki nawa ta zo ba, ni ne dai mafi kusa da ita. Da kwamfutar aro na yi aikin, a ofishinta, ina jiran a tashi yara in samu shiru. Daga ita sai wani mai sayar da maganin feshi, daga shi sai wata makarantar. A hankali na sake sayen inji, na ɗora ƙarfen kare tsawa a kan rufin shago, na rufe tafireta. Shagon da kuke cajin waya a ƙofarsa ke nan.

Saboda haka wanda ke son koyo a cikinku, ƙofa a buɗe take, mace ko namiji. Ku zo da wayoyinku ma, ban hana ba, ku sa su rubuta maku. Amma duk layin da ta rubuta sai ka gaya mani abin da yake yi da bakinka, kuma sai ka zauna ka shigar da bayanan mutane na gaske har ka gaji, ka ga inda abin naka ke yoyo. Wanda ke son ya gama cikin sati ya nemi wani malamin.

Bara aka ɗaura auren ɗiyar wani abokina, na tarar da Alhaji Garba a wurin. Ya tsufa, yana dogara sanda, asibitin ma ɗansa ke riƙe da shi yanzu. Bayan an shafa fatiha ya yafuto ni, na je na durƙusa muka gaisa. Ya riƙe hannuna bai saki ba.

Ya ce, "Lawal, shekara nawa ke nan? Ka san har muka canza injin nan ba a taɓa yi wa kowa allurar wani ba. Ko sau ɗaya."

Na ce, "Alhamdu lillahi, Alhaji. Na ji daɗin jin haka."

"To ka gani? Wahalar banza ka sha."

"Allah ne ya tsare, Alhaji, da idon Sista Hauwa."

Ya yi murmushi ya girgiza kai. "Yanzu da za a sake, ai ka cire ko?"

Na ce, "Da za a sake yau, Alhaji, ba zan cire ba."

Ya saki hannuna, ya ce wa na kusa da shi a miƙo mani goro.